Abin da fitsarin doki ya koya mini game da jininsa

Na daɗe ina kallon fitsarin doki da ya yi kauri, ya yi fari-fari kamar an kaɗa alli a ciki, ina zaton alamar ciwo ce. Daga baya na fahimci cewa haka fitsarin lafiyayyen doki mai cin ciyawa yake, domin ciyawa tana da yawan sinadaran fotashiyam da kalshiyam, ƙoda kuwa tana fitar da rararsu a cikin fitsarin da ba shi da tsami.

Ma'aunin tsamin jinin doki, wato pH, yana tsayawa kusa da 7.4, kuma huhu da ƙoda ba sa barin ya kauce da yawa. Abinci yana tura shi ta hanyar gishirin da ke cikinsa: sodiyam da fotashiyam suna rage tsami, kuloraid da salfa suna ƙara shi. Hatsi ba shi da fotashiyam sosai, saboda haka dokin da aka cika wa hatsi aka rage wa ciyawa, jininsa yakan ɗan karkata zuwa tsami, fitsarinsa ya washe, kalshiyam ɗin da jikinsa ke bukata kuma ya riƙa zuba tare da shi. Wannan asarar ce ta fi damuna, musamman ga ɗan dokin da ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Matsalar ta fi muni idan aka zuba hatsi da yawa a ci ɗaya, domin sitacin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa yakan wuce zuwa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su mayar da shi asid mai ƙarfi, abin da kan jawo ciwon ciki ko kumburin naman cikin kofato. Shi ya sa nake raba hatsi kashi-kashi, kuma ba na barin busasshiyar ciyawa ta gaza kilo bakwai da rabi a rana ga doki mai kilo 500.

Ba kowane doki mai aiki ne tsami ke damu ba. Mai gajeren gudu mai tsanani jininsa yakan yi tsami na ɗan lokaci, amma mai doguwar tafiya yakan zubar da kuloraid mai yawa a gumi, jininsa ya karkata ɗaya ɓangaren, wato tsaminsa ya ragu fiye da kima. Ba wa irin wannan doki garin soda mai rage tsami ƙara masa wahala ne. Ruwa da gishiri yake bukata.