Shina tashi?

Asabar. Buji tun asuba, ko shagon Iro na bakin layi ba a hange da kyau, don haka maganar fenti babu ita yau, in ka shafa ƙura ce za ta bi ta manne sai ka sake gogewa. Na dai fito da kwalin zaure na ci gaba da haɗa gangar jikin ɗan samfurin jirgi mai saukar ungulu Sea King ɗin nan da Habu ya sako mini cikin kaya.

Aikin ciki na gama, kujeru biyu na matuƙa da allon agoguna da ƙasan ɗakin. Dole a gama su kafin a rufe ɓari biyun jikin, don in ka rufe shi ke nan ko matsefata ba ta shiga. Tagogin na liƙa su ta ciki da farin gam irin na kafintoci, shi gam mai ƙarfin nan in ya kusanci roba mai gilashi sai ta yi fari-fari kamar an hura mata hayaƙi kuma ba ta dawowa. Na haɗa ɓarin biyu na ɗaure da sikoci ina bin tsagar tsakiya da samfefa a hankali, raina fes wallahi har ina ɗan waƙa, sai ga sallamar Kawu.

Bai ma zauna ba ya ɗauki abin ya juya shi ya leƙa ƙasanshi. "Mine ne wanga?" Na ce jirgi ne mai saukar ungulu Kawu, na sojan ruwan Amurka. Ya shafa cikin da yatsa ya ce a'a, wanga kwalekwale ne anka sa ma fanka. Kuma fa ya gani daidai, mutumin da ya yi shekarunshi yana bida a Abijan ya san cikin jirgin ruwa in ya gan shi. Haka aka ƙera cikin Sea King da tsini a gaba don in ta kama ya iya sauka kan ruwa, kuma waɗannan kumbura biyun na gefe su ne ɗakin tayoyi su ne kuma ke hana shi kifewa. Da na ga ya ba ni kunne sai na zage. Na ce mishi kamfanin Sikorsky ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1959, ainihin aikinshi farautar jiragen yaƙi masu nutso, yana tsayawa cak a sama ya zura na'urar sauraro da igiya cikin teku. Fukafukan farfelar biyar ne, faɗinsu ya kusa mita 19, nawa da yake an rage shi sau 72 bai wuce santimita 26 ba, kuma na gaskiyar naɗe su ake yi baya, har wutsiyar ma tana lanƙwashewa, don ya samu wuri cikin jirgin ruwa. Na ɗauko mishi takardar lambobi na nuna 66 ɗin da zan jiƙa a ruwa in manna, na ce mai wannan lambar ne ya tsamo su Neil Armstrong daga tekun Fasifik a Yulin 1969 da suka dawo daga wata, ya kai su kan jirgin ruwa Hornet.

Kawu dama bai taɓa yarda an je wata ba, wannan tsohuwar rigima ce ban sake tono ta ba.

Ya saurare ni tsaf har na ƙare. Sannan ya ce "Shina tashi?" Na ce a'a. "Shina tahiya ƙasa?" Na ce tayoyin ma liƙe su ake yi. "To mi shika yi?" Na ce ajewa ake yi a kalla. Ya ce "Uhm." Ya aje shi a hankali kan tabarma, a hankali sosai, ya ce a kawo shayi.

Wannan uhm ɗin ne ya bi ni har dare. Da zagina ya yi ko ya ce ƙato da gemu yana wasan yara da na ji sauƙi, wannan na saba ji kuma ina da amsarshi a aljihu. Ko maganar cewa Nijar ba mu da teku, iyakar ruwanmu nan Tawa sai a ce Tabalak, ita ma na saba, dariya nake yi. Amma shi tambaya kawai ya yi kuma duk amsoshin nawa a'a ne.

Abin da ya fi cina, shi ne fa ya koya mini motar kara muna ƴan yara. Karan dawa, a fere bayan a tsaga, ɓargon ciki shi ne katako, ƙaya ita ce ƙusa, a yanko taya daga tsohon silifas. Ba takarda ba lamba ba hoton kwali, abin da ka gani a tasha shi za ka dawo ka fitar daga kanka, kuma tana tafiya, ka ɗaura zare ka ja ta har bakin kasuwa. Yaran layinmu har yau suna yi da waya da gwangwanin madara, da sitiyari dogo har ƙirji, suna ba ta wuta da baki. Ni kuma ga ni zaune wani a wata ƙasa ya riga ya yanke komai ya sa wa kowane guntu lamba, nawa in bi hoto in liƙa.

Ba wai na yarda aikin banza ba ne. Sai da na riƙe ƙaramar farfelar wutsiya a hannu na zauna na gane amfaninta, babbar tana juyawa gefe guda jikin jirgin yana son juyawa ɗaya gefen, ita ce ke tare shi. Kuma duk Tawa ban san wani abu da ke raba ni da waya tun hantsi har azahar ba in ba wannan ba. Sai dai duk wannan bayan ya tafi ya zo mini, lokacin da yake zaune shiru na yi ina ta zuba mishi shayi.

Maman Nana ta gano inda abin yanke farcenta ya shiga. Da shi nake cire guntayen daga jikin firam, ya fi reza tsafta. An yi magana.

Wuta ta ɗauke bayan la'asar ta dawo wajen isha. Tuwo miyar kuka. Nana ta tambaya ko in an gama za a ba ta, na ce sai dai kallo, ta ce to ba ta so.

Gobe in buji ya lafa zan shafa farin farko, in bai lafa ba farfela zan haɗa, ina tunanin in yi ta a naɗe don kantar da zan aje jirgin ba ta da faɗi. Kawu da zai fita ya ce in na gama kar in yar da kwalin, mai ƙwari ne, zai zuba takardun gonarshi.