Godiya daga Beppu, bayan kammala karatuna a APU

Alhamdulillahi, Allah Ya nufa an yi bikin yaye mu, na karɓi shaidar digirina na biyu a Jami'ar Ritsumeikan ta Asiya da Fasifik, wadda kowa ke kira APU, a garin Beppu da ke jihar Oita a kudancin Jafan. Saƙonninku na taya murna sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na haɗa godiyar a nan. Yaba kyauta tukwici.

Umma, ke zan fara ambata. Lokacin da dangi ke cewa ina 'ya mace ina ƙasar da ba a san kowa ba, ke kika ce a bar ni in tafi, addu'a ba ta san nisa ba. Baba, na gode da izininka da amincewarka. Yaya, kuɗin jirgin da ka biya ban manta ba. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Akwai kuma waɗanda ba zan iya gode musu baki da baki ba, don wasunsu sun riga mu gidan gaskiya tun kafin a haife ni. Ina so ku san su, domin kujerar da na zauna a aji ba daga sama ta faɗo ba.

A 1900 wani mutum mai suna Nakagawa Kojuro ya buɗe makarantar dare ta koyon shari'a a birnin Kyoto, domin ma'aikatan da suke wuni wurin neman abinci, ba su da halin shiga jami'ar gwamnati. Ko gini ba su da shi. Ɗakunan wani gidan abinci suka kama haya kusa da kogin Kamo, malamai daga Jami'ar Sarki ta Kyoto suna zuwa koyarwa bayan sun tashi daga aikinsu. Nakagawa ya taɓa zama sakataren Saionji Kinmochi lokacin da Saionji yake ministan ilimi, kuma Saionji ne ya ba shi izinin amfani da sunan Ritsumeikan, sunan wata ƙaramar makaranta da shi kansa ya buɗe a 1869. A 1922 gwamnati ta amince da makarantar Nakagawa a matsayin cikakkiyar jami'a, wato Jami'ar Ritsumeikan, uwar APU.

Abin da ya sa nake girmama wannan makaranta shi ne ba ta ɓoye wa ɗalibanta duhun da ta ratsa. A shekarun da sojoji suka mamaye siyasar Jafan ta bi sahunsu sosai, kuma ɗalibanta da yawa sun ajiye littafi an tura su fagen daga, wasu ba su dawo ba. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka kawo Suekawa Hiroshi ya shugabance ta. Masanin shari'a ne da ya ajiye aikinsa a Jami'ar Sarki ta Kyoto a 1933, tare da wasu abokan aikinsa, don nuna ƙin amincewa da korar Farfesa Takigawa da gwamnati ta yi saboda ra'ayinsa. Shi ne ya ɗora jami'ar a kan aƙidar zaman lafiya da dimokuraɗiyya. A 1953 suka karɓi mutum-mutumin tunawa da ɗaliban da suka mutu a yaƙi, bayan Jami'ar Tokyo ta ƙi a kafa shi a harabarta. A 1992 kuma suka buɗe gidan tarihin zaman lafiya a Kyoto. Na je na gani, kuma a can ana nuna wahalar da Jafanawa suka sha tare da ta'asar da sojojinsu suka yi wa maƙwabta. Ba kowace hukuma ce za ta iya haka da tarihinta ba.

Daga nan sai girma ya biyo baya: sabuwar haraba a Kusatsu ta jihar Shiga a 1994, wata a Ibaraki ta jihar Osaka a 2015. Yau ɗaliban uwar jami'ar sun haura 30,000.

Tamu APU 'yar autar gidan ce, kuma labarinta ya fi taɓa ni. Gwamnan Oita a shekarun 1990, Hiramatsu Morihiko, wanda ya shahara da shirin nan na kowane ƙauye ya ƙware a kan haja ɗaya, shi ya nemi Ritsumeikan ta zo jiharsa. Garin Beppu ya ba da fili a kan tsaunin Jumonjibaru, jiha da gari suka zuba kuɗin harajin mutanensu a ginin. Sharaɗin da masu kafa ta suka gindaya wa kansu ya yi kama da mafarki a lokacin: rabin ɗalibai su zama baƙi, rabin malamai su zama baƙi, a kuma tara ɗalibai daga ƙasashe 50. Ana cikin shiri sai tattalin arzikin Asiya ya ruguje a 1997, iyaye da yawa ba za su iya biyan kuɗin makaranta a Jafan ba. Ma'aikatan Ritsumeikan suka bi kamfanonin ƙasar suna roƙon gudummawar tallafin karatu, wasu kuma suka bazu ƙasashe suna bin makarantun sakandare don shawo kan yara da iyayensu su amince da jami'ar da ba a ko gama ginawa ba. A watan Afrilun 2000 aka buɗe ƙofa. Yanzu ɗalibai kusan 6,000 ne, kusan rabi baƙi, ana karatu da Ingilishi da Jafananci. Rangwamen kuɗin makarantar da ya ba ni damar zuwa ya samo asali ne daga wannan fafutuka tasu. To ta yaya zan yi godiya in tsallake su?

Mutanen Beppu, ku kam sai dai addu'a. Garinku na ruwan zafi ne, tururi na tashi daga ƙasa a tsakiyar unguwa, kuma da yawanku dattawa ne da ba su saba ganin baƙar fata da hijabi ba. Duk da haka kun karɓe mu. Tsohuwar da nake maƙwabtaka da ita ta koyi duba bayan kowane ƙunshin abinci don ta tabbatar babu naman alade ko giya kafin ta aiko min. Matar da na yi aikin wucin gadi a ƙarƙashinta a wani masauki ita ce ke tuna min lokacin sallah ya yi idan aiki ya ɗauke min hankali. Direbobin bas da ke hawa da mu tsaunin nan cikin hazo da iskar hunturu, har da ranakun da ba a ganin abin da ke gaba sosai, ku ma na gode.

Jama'ar masallacin Beppu, 'yan Fakistan da Indunusiya da Bangaladash da Uzbekistan da 'yan'uwanmu na Afirka, ku kuka sa azumi ya zama azumi a wurina. Masu dafa abinci a ɗakin cin abinci na makaranta, da kuka ware tukwane da cokula domin halal, Allah Ya san ɗawainiyarku.

Malamin da ya duba kundin bincikena ya sha mayar min da babi guda da jan biro, sannan ya zauna da ni har dare muna gyarawa. Sensei, kamar yadda ake kiran malami a Jafan, na gode. Abokan ajina daga Biyetnam da Nefal da Koriya da Kenya, da muka riƙa kwana a laburare tare, Allah Ya sa mu sake haɗuwa cikin alheri.

Ƙanne da ke tambayata yadda ake neman gurbi da tallafin karatu, ku yi min haƙuri in gama haɗa kaya. Da zarar na iso gida, in sha Allah, zan zauna in amsa muku dalla-dalla. Ku sa ni a addu'a Allah Ya kawo ni lafiya, Ya sa wa wannan ilimi albarka.