Kebul Biyu a Sabar Ɗaya, da Inda Ake Miƙa Tambayar DNS

Kamfaninmu ƙarami ne. Aikinmu girka sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, da kula da ita a ofisoshin da ba su da ma'aikacin kwamfuta nasu na kansu. A cikin duk abin da muke yi, haɗa katunan sadarwa biyu su yi aiki kamar ɗaya shi aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Da mai ofis ya ji za a haɗa kati biyu masu gigabit ɗai-ɗai, sai ya ɗauka gudun kwafar fayil zai ninka. Ba haka abin yake ba. Ko da LACP aka sa, wato ƙa'idar haɗa katunan sadarwa ta 802.3ad da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2000, kowace hulɗa a kan kebul guda take bi, don kada bayanai su iso a hargitse. Mutum ɗaya mai kwafar babban fayil gigabit ɗaya zai samu. Sai jama'a sun yi yawa a kan sabar ake ganin amfanin.

Ni ɗorewa nake sayar wa mutane: kebul ya lalace ko kati ya mutu, aiki bai tsaya ba. Shi ya sa a ƙaramin ofis na fi son kati ɗaya ya yi aiki, ɗayan yana zaman ko-ta-kwana, kowanne a suwic dabam, wato akwatin da kebul ɗin kwamfutocin ofis ke haɗuwa a ciki. In dukansu suna suwic guda, ranar da ya mutu an koma gidan jiya. Kafin mu tattara kayanmu, nakan kunna ping, umarnin da ke ta aika wa sabar saƙo yana nuna amsarta layi-layi, in zare kebul a gaban mai ofis. Zai ga amsa ɗaya ko biyu sun ɓace, sannan layukan su ci gaba da gangarowa. Windows Server ya zo da wannan haɗi a cikinsa tun 2012. Mai Hyper-V kuwa, manhajar da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin sabar ɗaya, SET ya kamata ya bi, wato irin haɗin katunan da aka yi don Hyper-V, wanda ya shigo a 2016.

DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi ko na kwamfuta zuwa adireshinta na lamba, ya fi ba ni aiki, domin idan ya sami matsala cewa ake yi intanet ta ɗauke, alhali layi lafiya lau yake. Abin da na fi tararwa shi ne wani ya sa 8.8.8.8, adireshin DNS na Google, a kwamfutocin ma'aikata, wai don gudun ɓacin rana. Google bai san sunayen cikin gida na Active Directory ba, wato tsarin Windows mai riƙe asusun ma'aikata da kwamfutocin ofis, sai shiga kwamfuta ya riƙa ja, fayilolin ofis su ƙi buɗuwa yau, gobe su buɗu. Kwamfutoci su tambayi sabar cikin gida kawai. Ita ce za ta miƙa abin da ba ta sani ba zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na Cloudflare, kuma wuri biyu nake sa mata. Sunayen wani reshe kuma a ware musu tasu hanyar zuwa sabar reshen.

Nakan tabbatar ƙofa ta 53, wadda DNS ke bi, a buɗe take ga hanyoyin aika bayanai biyu, UDP da TCP, duka, don manyan amsoshi ta TCP suke bi. Sannan in duba ko tsohon adireshin katunan, na kafin a haɗa su, yana nan a rajistar DNS, in goge shi.