Juma'a a Manchester da bizar baƙo

11 ga Yuli, 2025

Da hantsi jirginmu ya sauka, daga Abuja ta Doha. Layin masu fasfo irin namu dogo ne kamar kullum, domin ƙofofin nan masu buɗe kansu ba su karɓar fasfon Najeriya. Da ina ɗalibi, tambayar ba ta wuce wace jami'a, wane fanni. Yau kuwa jami'ar shige da ficen sai da ta tambayi abin da ya kawo ni, inda zan sauka, aikin da nake yi a gida, da ranar komawa. Na miƙa mata takardar gayyatar bikin yaye ɗalibai, da ta hutun da na ɗauka a wurin aiki, da tikitin komawa. Ta duba su a tsanake, ta buga hatimi, ta yi mini murna. Ban ga laifinta ba. Mutumin da ya taɓa zama a gari, ya san lungunansa, yana da abokai a ciki, shi aka fi tunanin zai maƙale.

Tallafin karatun da na samu ya sharɗanta in koma gida in yi aƙalla shekara biyu, shi ya sa ina miƙa kundin bincikena bara na tattara. Bizar ɗalibin ta ƙare ina Katsina. Wadda ke cikin fasfona yanzu ta ziyara ce: ba a wuce wata shida, ba aiki ko na awa ɗaya, ba kuma a juya ta zuwa bizar aiki daga cikin ƙasa. Asibiti ma, in ban da sashen gaggawa da likitan unguwa, baƙo yana biyan kashi 150 cikin ɗari na kuɗin magani, don haka sai da na yanki inshora kafin in taso.

Motocin bas na titin Oxford duk sun koma ruwan ɗorawa, tunda hukumar birnin ta karɓe su a farkon shekarar nan. In ban da wannan, komai na nan yadda na bari. Na sauka a bakin ɗakin karatu na Jami'ar Manchester, inda na yi karatu, hannuna da kansa ya zaro tsohon katin ɗalibi ya ɗora a kan na'urar ƙofa. Jar fitila ta kama. Na tsaya ina leƙen matakalar da nake hawa da asuba lokacin rubuta kundi, har wata yarinya da ke bayana ta ce in ba ta hanya. Abin ya taɓa ni fiye da tambayoyin filin jirgi.

Na yi Juma'a a babban masallacin Victoria Park. Ana sallamewa abokina da muka zauna gida ɗaya ya rungume ni, ya ja ni unguwar Rusholme cin shinkafa da gasasshen naman rago. Shi bai koma ba. Ya nemi bizar da aka fara bayarwa a 2021, wadda ke ba wanda ya gama karatu shekara biyu yana aiki, kuma dole a neme ta tun mutum yana cikin ƙasar, bizarsa ta ɗalibi ba ta mutu ba. Wannan ƙofa ta riga ta rufe a kaina.

Ya rame. Aikin dare yake yi a wani rumbun kaya, da rana yana aika takardun neman aiki. Kafin shekara biyun su cika sai ya sami kamfanin da zai tsaya masa ya sami bizar aiki, ga shi daga 22 ga watan nan mafi ƙarancin albashin da ake nema zai tashi daga fam 38,700 zuwa 41,700. Akwai sassauci ga waɗanda suka fito makaranta kwanan nan, amma ko shi ɗin ba kowane kamfani ke kaiwa ba. Tun watan Mayu kuma gwamnati ta ce za ta rage shekara biyun zuwa wata 18 ga masu zuwa nan gaba. Yana lissafo mini waɗannan lambobi da ka, ba ko duba waya, kamar mai karanta haddar da ya kwana yana yi.

Can ya sassauta murya ya ce, "Malam, wata shida fa aka ba ka. Akwai wani mai shago a nan, a hannu yake biya, ba takarda. Ka ɗan haɗa wani abu mana kafin ka koma, ka san yadda naira take."

Na san don Allah ya faɗa. Na ce masa, "Ɗan'uwa, da bakina na gaya wa matar nan ranar da zan tafi, kuma na sa hannu a takarda. In aka kama ni, ba ni kaɗai zan sha ba. Ƙanwata na son zuwa karatu, duk wanda ya zo ya karya alkawari yana ƙara wa na baya nauyi ne." Ya yi shiru, ya ce gaskiya ne, bai sake tayar da maganar ba.

Ban ɗauki kaina na fi shi dabara ba, ko kusa. Shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa uku da fam ɗin nan, albashina na wata kuwa bai kai abin da yake samu a mako ba. Amma yau na ga kuɗin da zaman nan ke ci: barci, nutsuwa, da kullum mutum yana ƙirga watannin da suka rage masa. Baƙo raɓa ne, kuma ni na yarda da baƙuncina, shi kuwa yana tsakani, bai zama ɗan gari ba, bai kuma iya tafiya ba. Ina masa addu'a Allah ya kawo masa kamfanin kirki kafin lokacinsa ya ƙure.

Magariba sai wajen tara da rabi, ga gajiyar jirgi. Na kira Hajiya, ta ce in tabbata an ɗauki hoton lokacin da ake kiran sunana a zauren Whitworth inda jami'ar ke bikin yayewa, ba na waje kaɗai ba. Abokina ya ce zai nemi wani ya riƙe masa aikin daren da ke gaban bikin, don ya zo da idonsa biyu ya ɗauka mata.