Kafin ka saki baƙuwar kaza cikin naka

Ƙanina, ko a kasuwar Kejetia ta Kumasi ka sayo ta, ko wani abokinka na unguwar Aboabo ne ya ba ka musaya da zakara, kada ka haɗa ta da kajinka a ranar. Sau da yawa baƙuwa ɗaya ce take share akurki guda. Cutar Nukasul, mai sa zawo kore da haki da murɗewar wuya, tana iya kwanciya a jiki har kwana 15 ba ta nuna ba, kuma ta fi ɓarna da hunturu, daidai lokacin da kasuwar kaji ke cika saboda Kirsimeti. Ka ware mata keji nesa da sauran, mako biyu mafi ƙaranci, uku ya fi, da kwanon ruwanta da na tsakinta daban. Ka fara ciyar da naka, ita a ƙarshe, sannan ka wanke hannu da silifas, domin kashin da ya manne a takalmi ya isa ya kai cutar. Idan ta wuce kwanakin nan lafiya, ka nemi likitan dabbobi ya ɗiga mata rigakafin Nukasul mai suna I-2 a ido, ɗigo ɗaya, a maimaita wa duk akurkin bayan wata uku ko huɗu.

Tun a wurin ciniki ma, kama ta da hannunka kafin ka tambayi sidi nawa. Shafa ƙashin ƙirjinta: in ya fito da kaifi babu tsoka gefe da gefe, ta daɗe tana rama. Kara kunne a bayanta ka ji ko numfashi na gurnani. Buɗe baki, duba hanci da ido, ɗaga fiffike ka hura gashin ka nemi ƙwarƙwata, ka duba ƙarƙashin jela ko kashi ya daskare. In mai ƙwai kake so, sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen duburarta. Yatsu biyu ko uku suka shiga, tana yi. Ɗaya kawai, ta tsaya. A nan ne ake yi wa yara wayo da tsofaffin kajin gona, waɗanda ake fitarwa bayan sun kai wajen shekara ɗaya da rabi: suna da arha, naman miya ne mai kyau, amma ba jarin ƙwai ba ne. Kazar da ka ga ta takure a kwando tana gyangyaɗi, ko kyauta ce ka bar ta.

Rayuwar gidan haya a zango takan tilasta wa mutum rabuwa da kajinsa, ko maigida ya hana, ko maƙwabta sun gaji da carar asuba. In kai ne mai bayarwa, ka faɗi gaskiyar shekarunta da maganin da ta sha, ka haɗa da abincin kwana uku don a gauraya da sabon, sauyi farat ɗaya yana sa ta daina ƙwai. Wanda ya karɓa ya sa ta cikin akurki da dare, ya tsare ta kwanaki kafin ya saki, in ba haka ba za ta bi lungu neman tsohon gida. Ita da kajin gidan za su tsattsagi juna, kwanon abinci biyu na rage hakan. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, zakaru suka fi haka yawa sai faɗa da figaggen baya.

Sai yanka. Janye abinci awa 8 zuwa 12 amma bar mata ruwa, don hanji ya sauke, kada ya fashe a kan nama. In ta sha magani kwanan nan, duba kwanakin jira kafin a ci nama da aka rubuta a jikin takardar maganin. Wasa wuƙa sosai, ba a gabanta ba, ka fuskanci alƙibla, ka yi bisimilla, ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya a jan farko, ka bar jini ya tsiyaye har ta daina motsi. Wanke wuyan kafin ka tsoma.

Ruwan fige gashi shi ne inda aka fi ɓatawa. Tafasasshe yana dafa fata, kana figa tana yagewa. Kamar digiri 60 ake so, wato ka sirka tafasasshen da ruwan sanyi, ka tsoma kana juyawa daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ka ja gashin fiffike, in ya zare babu gardama ya yi. Wajen fiɗa, tsaga fatar ciki kawai, kada wuƙa ta nutse, ka sa hannu ka jawo kayan ciki gaba ɗaya. Ka raba matsarmama da hanta a hankali, in ta fashe ɗacinta ba ya wankuwa. Tsaga ƙundu ka ɓare bawon rawayan nan. Hanta mai fararen ɗigo ko wadda ta kumbura, a binne ta, a kuma sa ido kan sauran kajin. Da zafin Kumasi, nama ya shiga tukunya ko firiji cikin awa guda, kuma kazar da ta mutu da kanta a haƙa rami mai zurfi, kada a jefa ta a kwata.