Awa guda ina kallon Malama ban gaishe ta ba

Lahadi da dare. Gobe ƙarfe bakwai nake kama aiki, amma barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta wannan tun da zafinsa.

Ban tashi da niyyar zuwa babban gidan ba. Ƙaramin taronmu na unguwa na saba zuwa, inda da ƙyar muke cika mutum goma sha biyu. Ɗiyar ƙanwata na raka tashar jirgin ƙasa ta Euston a nan Landan za ta koma makaranta, da na fito sai ga Friends House, hedikwatar ɗariƙarmu ta Kirista a Birtaniya, wato 'yan Kweka (Quakers), a tsallaken titi. Ana yayyafi, ga lokacin ibada ya yi. Na tsallaka.

Na ɗan makara. Kujeru a kewaye, tebur a tsakiya da furanni cikin kwalba, Littafi Mai Tsarki da jan littafin nan na koyarwar ɗariƙarmu. Ba fasto, ba mumbari, ba ganga. Na sami wuri na ajiye jaka, ina ɗaga kai sai ga ta muna fuskantar juna.

Gashi ya yi fari fat, ta rame, ga sanda jingine a gwiwarta. Amma yadda take ɗora hannun hagu bisa na dama, ta karkata kai kamar mai sauraron magana ta bayan katanga, wannan yana nan yadda na san shi. Baturiyar da ta koya mana lissafi ce a sakandare a Zariya. Rabona da ita tun 1983.

Ni fa 'yar Wusasa ce. Na taɓa wuce wata tsohuwa da tulu a kaina ban rusuna ba, mahaifiyata ta sa na koma har ƙofar gidanta na gaishe ta kafin a ba ni abinci. Yau ga malamata taku shida tsakaninmu, kuma ba halin in ce uffan. A wajenmu shiru ake zama awa guda cur. Ba mai miƙewa ya yi magana sai wanda ya ji abin ya matsa masa daga ciki har ba yadda zai yi, kuma "ina kwana Malama" ba ta cikin irin wannan maganar. Sai na zauna ina murza gefen gyalena kamar 'yar aji ɗaya.

Gaskiya rabin awar farko ba ibada na yi ba, tsohon bashi nake lissafawa. Kafin ta fara darasi takan tsaya gaban allo da alli a hannu, ta yi shiru kamar minti biyu, mu kuwa muna ƙunshe dariya muna zungurin juna. Ta-Shiru muke ce mata a bayan ido. Mun ɗauka tana tuno abin da za ta koyar ne. Bayan ta koma gida ta rubuto mini sau biyu, a shuɗiyar takardar nan da ake ninkewa ta zama ambulan. Ta farko ban amsa ba don ba ni da kuɗin kan sarki. Ta biyu kuma kunyar ta farko ce ta hana. Daga nan shekaru suka yi ta hawa kan juna.

Can wani dattijo ya miƙe ya yi magana kaɗan a kan ƙanensa da ke kwance asibiti, ya zauna. Bayan shi ne hankalina ya kwanta. Na daina shirya abin da zan ce mata, na bar idona a kan furannin, har dattawan taro biyu suka yi musafaha, alamar an tashi.

Ban san lokacin da na isa gabanta na durƙusa ba, a gaban Turawan nan duka. Na faɗi sunana na 'yanmatanci da ajinmu. Ta ƙura mini ido, ta ƙura, sannan ta ce da Hausa, "Ke ce mai rubuta bakwai kamar ɗaya."

Hawaye suka zubo mini. Ta kama hannuna tana ja. "Tashi, tashi. A nan ba a durƙusa wa kowa."

Da gaskiyarta. Tun zamanin George Fox da ya kafa ɗariƙar, wajen 1650, Abokai, kamar yadda 'yan Kweka ke kiran kansu, suka ƙi cire wa alƙalai da manyan gari hula, har aka riƙa ɗaure su a kan haka, don a ganinsu ba wanda ya fi wani a gaban Allah. Shi ya sa har yau ba a cika sa wa kowa laƙabi ba, sunanka kawai. Ta ce in kira ta da sunanta. Na ce, "Malama, bakina ba zai iya ba." Na yarda da wannan koyarwa, shekara goma sha biyar ina cikinta, amma ban ga ta inda girmama wadda ta koya mini rabawa da ninkawa zai rage wa wani daraja ba. Ta yi dariya ta ce to a tsaya a Malama.

Muka sauka wurin shan shayi. Hausarta ta yi tsatsa, sai dai gaisuwa ba ta ɓace mata ba, ta bi ta daki-daki: ina gajiya, ina gida, yaya yara, ina labari. Ta tambaye ni yadda aka yi na shigo cikinsu. Na ba ta labarin abokiyar aikina 'yar Kenya, daga wajen Kaimosi inda masu mishan na Amurka suka sauka a 1902. Kenya ce ta fi kowace ƙasa yawan 'yan Kweka, amma nasu da fasto da waƙa da wa'azi. Ita ta ja ni taro don ta sami 'yar rakiya. Sau uku ta je, ta ce wannan shirun zai sa mata hawan jini, ta koma cocin da ake tafi. Ni na maƙale.

Ita Malama a ciki aka haife ta. Ta ce lokacin yaƙin basasa ta fara jin sunan Najeriya a taronsu, sa'ad da Adam Curle da wasu Abokai biyu suke kai-kawo da saƙo tsakanin Gowon da Ojukwu. Na ce ikon Allah, Gowon ɗin ma a Wusasarmu ya tashi. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mana addininta duk shekarun nan. Ta ce lissafi aka ɗauke ta ta koyar.

Sai da shayi ya huce na kawo maganar wasiƙu. Na jera uzurina tun daga kan sarki. Ta bari na gama, ta ce mutum shida ta rubuta wa a ajinmu, ɗaya ce ta amsa, ita ma roƙon agogo ta yi. Na ji sanyi, na kuma ji wani ɗan haushi da ban zata ba, don shekara arba'in da wani abu na ɗauka ni kaɗai ta rubuta wa. Kafin in farfaɗo ta ƙara da cewa ta san da Ta-Shiru tun zangon farko. Nan kam na rasa inda zan sa fuskata.

Na raka ta har bakin bas. Ta rubuta mini lambarta a bayan takardar sanarwar taro, bakwai ɗinta da ɗan layi a tsakiya kamar yadda ta yi ta fama da ni in riƙa yi. Ta ce abu ɗaya take marmari, tuwo da miyar kuka. Mun sa ranar Alhamis. Kuka tana nan a kabad, daddawa ce ta ƙare, sai na kira matar nan mai sayar da ita a unguwar Peckham da safe in ji ko ta samu.