An tambaye mu, amma bayan an kafa turaku

Shekara ta zagayo da gama aikin raya fakon garinmu, amma har yau in na bi ta gefen yamma na ga ramukan da muka haƙa da guminmu muka kuma cike da hannunmu, sai raina ya ɓaci. Ni ne magatakardan kwamitin gari a wani ƙauye cikin ƙasar Mirya, jihar Damagaram a Nijar, saboda haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Aikin na gwamnati ne, irin wanda kowa ya sani: a haƙa ramukan rabin wata a kan fako, a watsa irin ciyawa, a dasa itatuwa in damina ta zauna, a biya mutane kuɗin yini. Babu wanda ya ƙi. Rani ya yi nisa, rumbuna sun sauka, samari suna ɗaura kayan tafiya Kano da Agadas. Aikin da zai riƙe su a gida ya ba su kuɗin hatsi, wa zai ce ba ya so? Haƙar ma ba ta wahalar da mu ba. An nuna mana yadda bakin rami zai fuskanci inda ruwa ke gangarowa, rami 313 a hekta, kowane layi yana tare giɓin layin da ke samansa. Kafin mako ya fita har mata sun ƙware.

Inda abin ya lalace shi ne zaman farko, wanda jami'an aikin suke kira jin ra'ayin jama'a. Sun iso da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi ƙofar maigari, aka yi addu'a. Sai daga baya muka ji daga bakin yara masu kiwo cewa tun kwanakin baya wasu sun zo sun zagaya fakon da na'ura a hannu, sun kafa turaku masu jan fenti. Wato an zaɓi wurin, an auna shi, an aika lissafinsa sama, sannan aka zo tambayar mu.

Da aka ce ko akwai mai magana, Sarkin Noma ya gyara zama. Tsoho ne, ba ya ɗaga murya. Ya ce wa jagoran nasu: "Yaro, gabas ɗin nan ku haƙa yadda kuke so. Amma daga tsamiyar can zuwa bakin tafki burtali ne. Tun ina goye shanu ke bin nan." Shi kuma ya duƙar da kai cikin ladabi ya ce: "To Baba, mun ji, za a duba." Daga nan aka miƙo takardar zaman, bugagga da Faransanci tun daga birni, wadda ta ce jama'ar gari sun amince da wurin baki ɗaya. Aka jera aka dangwala yatsa. Maganar Sarkin Noma tana cikin littafina, na rubuta ta da hannuna, amma takardar da ta tafi ofis tasu ce, kuma babu kalmar burtali a cikinta.

Babu makiyayi ko ɗaya a zaman. Arɗo da mutanensa suna kudu, ƙetaren iyaka, inda suke cin rani kowace shekara. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san haka. An sa ranar taron a watan da masu hanyar ba sa nan.

Da ruwan farko ya sauka suka wuce arewa, suka ratsa ta cikin ramukan suna gunaguni, ba a yi rigima ba domin ba a dasa komai ba tukuna. Da kaka ne abin ya fashe. A lokacin itatuwan da aka dasa sun kama, an sa masu gadi da sanduna, ba a kuma saki gonaki ba, wake yana kwance ba a roro ba. Garke ya gangaro da la'asar yana jin ƙamshin ruwa, masu gadi suka tare shi. Saniya mai ƙishirwa ba ta jiran shawara. Rabi suka kutsa cikin dashen, rabi suka karkata cikin gonakin mutane. Washegari na je na ga dakwara 'yar ƙarama, tsawonta bai kai kamu biyu ba, kofato ya danna ta cikin laka har saiwa. Wata bazawara da ke gefen ta rasa waken da take sa ran sayarwa ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. An fasa wa wani yaro kai. Mutanen da iyayensu ke kawo mana nono muna ba su dawo, suna kwana a gonakinmu suna bar mana taki, muka wayi gari muna gaban sarki da su ana lissafin diyya. Duk a kan magana ɗaya da aka faɗa a bainar jama'a aka ƙi rubutawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba mutanen da za a koya wa darajar ƙasa ba ne mu. Bayan farin 1984, manoman Magarya da Matamaye da Mirya su ne suka cika gonakinsu da gawo, ba da dashe ba, ta hanyar barin tohon kututture da gyara shi. Sassaben zamanin nan da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara yaɗawa a wajen Maraɗi a 1983, manomi ne ya koya wa manomi, har ake lissafin hekta kusan miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a ƙasar nan. Ya yaɗu ne lokacin da manomi ya fara yarda itacen da ya raina nasa ne, kuma a 2020 gwamnati da kanta ta fitar da dokar da ta tabbatar masa da wannan haƙƙin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in an zo zaɓen wuri, sai a ce yatsanmu kawai ake bukata. Matan gari ma sun nemi a sa kuka da magarya da aduwa, abin da za su ci su kai kasuwa, ga Mirya nan kusa kowa ya san abin da miyar kuka ke kawo wa mutanenta. Amma ledojin dashen da aka sauke dakwara ce zalla. Wannan ma "za a duba" aka ce.

Gyaran da muka samu ta hanyar da tun farko tana nan ne. Tun 1993 ƙasar nan take da dokar ƙasar karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da muke kira Kofo, daga ƙauye zuwa ƙaramar hukuma zuwa gunduma. Na ƙauye maigari ne shugabansa, kuma akwai kujerar manoma, ta makiyaya, ta mata, ta matasa. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta hana toshe burtali. Namu kwamitin yana nan a takarda, ba a taɓa kiransa kan wannan aikin ba. Muka rubuta wa na ƙaramar hukuma, suka zo, aka taka burtalin da ƙafa daga tsamiya har tafki, Arɗo a gaba, Sarkin Noma a gefensa. A wurare biyu suka saɓa, aka tsaya cikin rana har suka daidaita. Da aka kai bakin ruwa Arɗo ya kama hannunsa ya ce: "Sarki, da an kira ni tun farko, da ni zan nuna muku inda ciyawa ta fi kamawa." Aka kafa alamun siminti, muka cike ramukan da suka faɗa cikin hanya ba tare da an biya mu ko dala ba, muka dasa aguwa a gefe biyu.

Gefen gabas ya yi kyau, alhamdulillahi. Inda ko ƙarangiya ba ta fitowa, bana an yanki ciyawa an ɗaure.

Duk wanda irin wannan aikin zai zo garinsu, kada ya yarda a yi zaman a ƙofar maigari kaɗai. A tashi a je wurin, a zagaya shi da ƙafa, da tsofaffi da mata masu itace da masu dabbobi. Kada a dangwala yatsa sai an karanta takardar da Hausa da ƙarfi, kuma in wani ya kawo ƙorafi a ga an rubuta shi a jikinta da biro kafin a sa hannu, ko da a bayan shafi ne. In an ce za a duba, a tambayi wa zai duba, kuma yaushe. A tambaya tun ranar, in aikin ya tashi, ciyawar ta wa ce, itatuwan na wa ne, wa zai biya mai gadi. Mu wannan ta ƙarshen har yanzu ba mu gama warware ta ba.

Yanzu an aiko cewa akwai wani sabon fili da za a yi a arewacin gari. Kwamiti ya mayar da amsa a rubuce cewa ba za mu zauna ba sai Kofo ta kira zaman kuma Arɗo yana nan, ba kuma za a kafa turke ko ɗaya kafin nan ba. Masu aikin sun ce kuɗin yana da wa'adi, in muka ja lokaci za a kai aikin wani gari. Samari sun fara yi mana ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba, kuɗin hatsi ne. Maigari ya aika ɗan saƙo kudu a nemo Arɗo ko wakilinsa.